Na'urar Enigma

Enigma na'ura ce ta ɓoye saƙonni wadda wani injiniya Bajamushe mai suna Arthur Scherbius ya ƙirƙira a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Aikinta shi ne mayar da rubutu na yau da kullum zuwa jerin haruffa marasa ma'ana, ta yadda ba mai iya karanta shi sai wanda yake da irin na'urar, kuma ya san yadda aka saita ta a wannan rana. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin kacici-kacici. Rundunonin Jamus sun yi amfani da ita daga shekarar 1926 har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, suna ganin ba mai iya warware sirrinta.

Masana lissafi na ƙasar Foland ne suka fara gano bakin zarenta a watan Disamba 1932. Daga baya masanan Birtaniya a Bletchley Park, cikinsu har da Alan Turing da Gordon Welchman, suka ɗora a kan wannan aiki, suka riƙa karanta dubban saƙonnin sojojin Jamus a lokacin yaƙi. Ana ɗaukar labarin Enigma a matsayin ɗaya daga cikin muhimman babobi a tarihin rubutun sirri, kuma har yau ana kafa misali da shi wajen koyar da tsaron kwamfuta.

Asali

Tsohuwar hanyar ɓoye saƙo ita ce musanya kowane harafi da wani, misali duk inda A take a rubuta D, duk inda B take a rubuta E. Wannan hanya tana da rauni, domin a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan fitowa. A Hausar boko harafin A ne ya fi yawa, a Jamusanci da Turanci kuwa E ne. Wanda ya ƙirga haruffan saƙon da aka ɓoye zai iya gane wane harafi ne yake wakiltar wane. Malamin Bagadaza, Al-Kindi, ya bayyana wannan dabara ta ƙirga haruffa tun a ƙarni na 9, kuma rubutunsa shi ne bayani mafi daɗewa da aka sani a kanta.

Shigowar rediyo cikin harkar soja ta ƙara wa matsalar girma. Saƙon da aka aika ta iska kowa yana iya kama shi, har abokin gaba. Saboda haka aka shiga neman na'urar da za ta riƙa sauya tsarin musanya bayan kowane harafi, don ƙirga haruffa ya zama ba shi da amfani.

Scherbius ya nemi rajistar mallakar fasaharsa a watan Fabrairu 1918, aka fara tallata na'urar ga bankuna da 'yan kasuwa a 1923, amma ba ta yi kasuwa sosai ba. Sojojin ruwan Jamus sun karɓe ta a 1926, sojojin ƙasa a 1928, sojojin sama kuma a 1935. Scherbius bai ga yaɗuwarta ba, domin ya mutu a 1929 sakamakon haɗarin keken doki.

Ƙira da yadda take aiki

A ido, Enigma ta yi kama da keken rubutu da aka sa a cikin akwatin katako. Nauyinta ya kai kimanin kilo 12, kuma tana aiki da batir. Samfurin da sojojin ƙasa da na sama suka yi amfani da shi yana da sassa biyar:

Allon maɓallai mai haruffa 26, babu lambobi, babu alamomin rubutu.

Allon fitilu mai ƙananan ƙwayaye 26, kowane da harafinsa.

Fayafayai uku masu juyawa. Kowane faifai yana da bakin waya 26 a dama da 26 a hagu, an haɗa su a ciki ta hanyar da aka hargitsa, ta yadda wutar da ta shiga a matsayin wani harafi za ta fita a matsayin wani daban.

Faifan mayarwa, wanda ba ya juyawa. Shi ne yake karɓar wutar bayan ta ratsa fayafayai uku, ya mayar da ita ta wata hanya.

Allon jona wayoyi a gaban akwatin, inda ake haɗa haruffa biyu-biyu da igiyar waya don su yi musaya. An ƙara shi ne a samfurin soja a 1930, babu shi a samfurin kasuwa.

Idan ma'aikaci ya danna harafi, faifan dama yakan fara motsawa taki ɗaya. Sannan wuta ta bi ta allon wayoyi, ta ratsa fayafayai uku, ta isa faifan mayarwa, ta dawo ta cikin fayafayan, ta sake bi ta allon wayoyi, ta kunna fitila ɗaya. Harafin da ya haska shi ake rubutawa. Tun da faifan dama yana motsawa a kowane danni, wanda ya danna A sau biyar a jere zai iya samun haruffa biyar mabambanta. Idan faifan dama ya yi zagaye ɗaya sai ya tura na tsakiya taki ɗaya, shi ma na tsakiya ya tura na hagu a lokacinsa, kamar yadda lambobin mitar mota suke tura juna.

Enigma ba ta aika saƙo da kanta. Mutum ɗaya yana dannawa, wani yana rubuta haruffan da suka haska, sannan ma'aikacin rediyo ya aika su da alamomin Morse. Mai karɓa yakan saita tasa na'urar daidai da ta mai aikowa, ya danna haruffan da ya karɓa, sai ainihin saƙon ya riƙa fitowa a fitilu. Faifan mayarwa ne ya sa hakan ta yiwu: idan a wani saiti A ta zama G, to a wannan saitin G za ta zama A.

Mabuɗin rana

Kowane rukunin sadarwa yana da takardar mabuɗi da ake raba masa, yawanci ta wata guda. Takardar tana faɗin fayafayan da za a sa a kowace rana da jerinsu, da saitin zoben da ke jikin kowane faifai, da haruffan da za a jona a allon wayoyi. Sojojin ruwa suna buga nasu takardun da tawada mai narkewa a ruwa, don su lalace idan jirgi ya nitse.

Fayafayai uku suna da wuraren farawa 17,576, wato 26 sau 26 sau 26. Daga ƙarshen 1938 ana zaɓen uku ne daga cikin fayafayai biyar, abin da ya ba da jeri 60. Igiyoyin waya goma kuma ana iya jona su ta hanyoyi 150,738,274,937,250. Idan aka ninka waɗannan alƙaluma uku za a samu 158,962,555,217,826,360,000, wato kusan biliyan 159 sau biliyan ɗaya. Wannan adadi ne ya kwantar wa Jamusawa da hankali, domin ba wanda zai iya gwada saitin ɗaya bayan ɗaya.

Raunin na'urar

Yawan adadin ya rufe wasu raunuka. Na farko, saboda faifan mayarwa, harafi ba ya taɓa zama kansa: A za ta iya zama kowane harafi amma ban da A. Na biyu, kusan duk girman adadin daga allon wayoyi yake fitowa, alhali allon ba ya canzawa a tsawon saƙo. Idan aka samu hanyar raba matsalar fayafayai da ta allon wayoyi, abin da ya rage a bincika bai wuce saiti miliyan ɗaya da 'yan kai ba, wanda inji zai iya bi. Na uku kuma shi ne halin ma'aikata da ƙa'idojin aiki: maimaita kalmomi iri ɗaya kullum, zaɓen haruffa masu sauƙin kirdado kamar AAA ko waɗanda suke jere a allon maɓallai, da aika saƙo ɗaya ta rukunoni biyu masu mabuɗi daban.

Aikin masanan Foland

Foland tana tsakanin Jamus da Tarayyar Sobiyet, don haka ta damu da sanin abin da sojojin Jamus suke shiryawa. A 1929 ofishinta na rubutun sirri ya shirya kwas ga ɗaliban lissafi na Jami'ar Poznań, inda aka zaɓo Marian Rejewski da Jerzy Różycki da Henryk Zygalski. A wancan zamani an saba ba masana harsuna irin wannan aiki, ɗaukar masana lissafi sabon abu ne.

A lokacin, ƙa'idar Jamusawa ita ce ma'aikaci ya zaɓi haruffa uku a matsayin mabuɗin saƙonsa, ya ɓoye su sau biyu a farkon saƙon don gudun kuskure. Ke nan harafi na 1 da na 4 daga tushe ɗaya suke, haka na 2 da na 5, haka na 3 da na 6. Rejewski ya tattara farkon saƙonni masu yawa na rana ɗaya, ya rubuta dangantakar a matsayin lissafin musayar jeri. Ya kuma samu taimakon wasu takardu da Hans-Thilo Schmidt, ma'aikaci a ofishin rubutun sirri na sojojin Jamus, ya sayar wa jami'an leƙen asirin Faransa, waɗanda Gustave Bertrand ya miƙa wa Foland. Da waɗannan biyu Rejewski ya gano yadda aka haɗa wayoyin cikin fayafayan a Disamba 1932, ba tare da ya taɓa ganin samfurin soja ba. Aka ƙera kwafin na'urar a birnin Warso.

Ya kuma lura cewa haruffan nan suna yin sarƙoƙi, kuma tsawon sarƙoƙin bai dogara da allon wayoyi ba, ya dogara ne da fayafayai kaɗai. Sai suka haɗa kundin kati na saiti 105,456, wato jeri 6 sau 17,576, wanda ake dubawa a gano saitin rana. Da Jamusawa suka sauya ƙa'ida a Satumba 1938, Rejewski ya tsara wani inji da suka kira bomba, aka ƙera guda shida, Zygalski kuma ya fito da dabarar takardu masu huji da ake ɗora su a kan juna.

A ranar 15 ga Disamba 1938 Jamusawa suka ƙara fayafayai biyu. Jeri ya tashi daga 6 zuwa 60, aiki ya ninka sau goma, ya fi ƙarfin abin da Foland take da shi. A ƙarshen watan Yuli 1939, makonni biyar kafin Jamus ta mamaye ƙasar, suka gayyaci jami'an Faransa da Birtaniya zuwa dajin Pyry kusa da Warso, suka bayyana musu duk abin da suka gano, suka kuma ba kowace ƙasa kwafin Enigma ɗaya. Alastair Denniston da Dilly Knox suna cikin wakilan Birtaniya.

Bletchley Park

Bletchley Park wani babban gida ne a gundumar Buckinghamshire, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da Landan. Hukumar rubutun sirri ta gwamnatin Birtaniya ta koma can a Agusta 1939, Turing kuma ya kama aiki a ranar 4 ga Satumba. An raba aikin a ɗakunan katako masu lamba. Ɗaki na 6 yana warware saƙonnin sojojin ƙasa da na sama, ɗaki na 3 yana fassara su ya tace bayanan. Ɗaki na 8, wanda Turing ya fara shugabanta, yana kan saƙonnin sojojin ruwa, ɗaki na 4 kuma yana fassarawa.

Turing ya hango cewa Jamusawa za su daina maimaita mabuɗi sau biyu, kuma haka aka yi a Mayu 1940. Don haka ya gina tasa dabarar a kan kirdadon wani yanki na ainihin saƙon. Rahoton yanayi na safe, alal misali, kusan kullum yana ɗauke da kalmar WETTER, wato yanayi. Ana jera kalmar a ƙarƙashin haruffan da aka kama, ana matsar da ita. Duk inda W ta faɗo ƙarƙashin W, ko T ƙarƙashin T, an san ba nan take ba, tun da harafi ba ya zama kansa. Wani lokaci jiragen saman Birtaniya sukan dasa nakiyoyi a wani sanannen wuri a teku da gangan, don Jamusawa su aika gargaɗin da za a iya kirdadon kalmominsa.

Injin da Turing ya tsara, mai suna bombe, yana ɗauke da kwatankwacin Enigma 36. A kowane saitin fayafayai yakan ɗauka cewa wani harafi yana jone da wani, ya bi abin da hakan zai haifar. Idan zaton ya ci karo da kansa, misali ya nuna harafi ɗaya yana jone da haruffa biyu, sai a yar da saitin a wuce gaba. Inda ba a samu saɓani ba injin yakan tsaya, mutane su gwada da hannu. Yana bin saiti 17,576 cikin kimanin minti 20. Injiniya Harold Keen ne ya ƙera shi a garin Letchworth. Na farko ya fara aiki a Maris 1940, na biyu kuma a Agusta, bayan Welchman ya ƙara masa wani allo da ya rage tsayawar banza ƙwarai. An ƙera sama da 200 kafin ƙarshen yaƙi, kuma mata 'yan rundunar sojan ruwa ne suka fi sarrafa su, dare da rana.

A farkon 1945 ma'aikatan Bletchley da rassansa sun kusa 10,000, kusan kashi uku cikin huɗu mata ne. Cikinsu akwai Joan Clarke ta ɗaki na 8, da Mavis Lever wadda ta warware saƙonnin Enigma na sojojin ruwan Italiya, abin da ya taimaka wa Birtaniya a gumurzun Matapan a Maris 1941.

Yaƙin Tekun Atlantika

Birtaniya tsibiri ce da ta dogara da jiragen ruwa wajen shigo da abinci da mai da makamai, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku kuma suna farautar ayarin jiragen. Enigma ta sojojin ruwa ta fi wuya, domin ana zaɓen fayafayai uku ne daga cikin takwas, jeri 336 ke nan, ga kuma ƙa'idoji masu tsauri. An samu sauƙi ne bayan kama takardu daga jiragen Jamus a 1941, ciki har da jirgin ƙarƙashin teku U-110 a ranar 9 ga Mayu. Daga tsakiyar shekarar aka riƙa karanta saƙonnin, ana karkatar da ayari daga inda maharan suke kwanto.

A ranar 1 ga Fabrairu 1942 rundunar Admiral Karl Dönitz ta koma amfani da sabon samfuri mai fayafayai huɗu, M4. Bletchley ta shafe wata goma ba ta karanta saƙonnin jiragen Atlantika, kuma a wannan shekara ce ƙasashen ƙawance suka fi asarar jiragen dakon kaya. A daidai lokacin su ma Jamusawa suna karanta rubutun sirrin da Birtaniya take amfani da shi wajen tsara ayari, har zuwa Yuni 1943.

A ranar 30 ga Oktoba 1942 jirgin yaƙin Birtaniya HMS Petard ya tilasta wa U-559 fitowa saman ruwa a gabashin Bahar Rum. Laftanar Anthony Fasson da Colin Grazier suka shiga cikinsa yana nitsewa, suka miƙo littattafan sirri ga wani matashi, Tommy Brown. Jirgin ya nitse da su biyun. Littattafan sun nuna cewa a gajerun rahotannin yanayi ana saita M4 ta yi aiki kamar mai fayafayai uku. Da wannan aka warware ta a ranar 13 ga Disamba 1942. Daga 1943 Amurka ta ƙera nata injinan masu sauri a birnin Dayton na jihar Ohio, ƙarƙashin Joseph Desch, suka ɗauki kaso mai yawa na aikin. A Mayu 1943 Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin teku sama da 40, Dönitz ya janye sauran daga arewacin Atlantika na wani lokaci. Jiragen sama masu dogon zango da na'urar rada da ƙarin jiragen rakiya duk suna da hannu a wannan nasara.

Ultra da kare sirri

Bayanan da aka samu daga warware saƙonnin an sa musu suna Ultra, kuma manyan kwamandoji ƙalilan ne suka san tushensu. An kiyaye kada a yi amfani da su ta hanyar da za ta tona asiri. Kafin a kai hari kan jiragen da suke kai wa Janar Erwin Rommel mai da kayan yaƙi a Arewacin Afirka, akan fara aika jirgin leƙen asiri ya bi ta wurin, don Jamusawa su ɗauka shi ne ya gan su. Dönitz ya sha yin zargi, ya sa aka yi bincike, amma masu binciken sukan ɗora laifin a kan 'yan leƙen asiri ko rada.

Masanin tarihi Harry Hinsley, wanda shi ma ya yi aiki a Bletchley, ya ƙiyasta cewa Ultra ta rage tsawon yaƙin da aƙalla shekara biyu. Wasu masana suna ganin ba za a iya auna hakan da alƙalami ba, ko da yake sun yarda da tasirinta a Atlantika da Arewacin Afirka.

Ana yawan haɗa Enigma da Colossus, na'urar lissafi ta lantarki da Tommy Flowers ya ƙera, wadda ta fara aiki a Bletchley a farkon 1944. Colossus ba don Enigma aka yi ta ba. An yi ta ne don wata na'urar Jamus daban mai suna Lorenz, wadda manyan hedikwatocin soja suke amfani da ita.

Bayan yaƙi

An rufe labarin kusan shekara 30. Bertrand ya buga littafinsa a 1973, sannan littafin F. W. Winterbotham na 1974 ya bayyana wa duniya batun Ultra. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin sun mutu iyalansu ba su san abin da suka yi ba. Różycki ya mutu a haɗarin jirgin ruwa a Bahar Rum a Janairu 1942. 'Yan sandan sirrin Jamus sun kama Schmidt a 1943, ya mutu a tsare. Zygalski ya mutu a Ingila a 1978, Rejewski kuma a Warso a 1980. An kafa musu abin tunawa a Poznań a 2007.

Turing ya ci gaba da aiki kan kwamfutocin farko. A 1952 kotu ta same shi da laifin hulɗa da wani namiji a ƙarƙashin dokar Birtaniya ta lokacin, ya mutu a ranar 7 ga Yuni 1954. Gwamnati ta nemi afuwa a 2009, Sarauniya ta yi masa gafara a 2013, hotonsa kuma yana kan takardar fam 50 tun 2021. Hukumar da ya yi wa aiki ita ce ta zama GCHQ a 1946, Bletchley Park kuwa yanzu gidan tarihi ne.

Darussa ga tsaron kwamfuta

Masana suna ciro darussa da dama daga tarihin Enigma. Na farko shi ne ƙa'idar da Auguste Kerckhoffs ya rubuta tun 1883, cewa tsarin ɓoye saƙo ya kamata ya tsira ko da abokin gaba ya san ƙirarsa, muddin bai san mabuɗi ba. Na biyu, yawan mabuɗai ba ya wadatarwa idan ana iya raba matsalar gida-gida. Na uku, dole tsari ya jure wa maharin da ya san wani yanki na ainihin saƙon, wanda a yau sharaɗi ne ga kowane sabon tsari. Na huɗu, kuskuren mai amfani yakan rusa kyakkyawar fasaha: ma'aikacin da ya zaɓi AAA bai bambanta da mai sa 123456 a matsayin kalmar sirrin asusunsa ba.

Matsalar raba takardun mabuɗi, wadda ta jawo wa Jamus asara a teku, an samo mata mafita a shekarun 1970 da tsarin mabuɗin bayyane, wanda Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa a 1976, sai tsarin RSA a 1977. A 1997 aka bayyana cewa ma'aikatan GCHQ sun riga sun gano irin wannan a asirce. Tsarin AES, wanda masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara, kuma Amurka ta amince da shi a 2001, an zaɓe shi ne bayan gasa a fili inda masana daga ƙasashe daban-daban suka yi ƙoƙarin karya shi. Irin waɗannan tsare-tsare ne suke kare hada-hadar banki ta waya, da shafukan intanet, da saƙonnin manhajoji irin su WhatsApp. Wasu saƙonnin M4 da aka kama a 1942 ba a warware su ba sai a 2006, lokacin da masu sha'awa suka haɗa ƙarfin kwamfutocinsu ta intanet.